Da bakina aka rushe majalisar garinmu

Assalamu alaikum mai wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku tsine mini ku bari in kai ƙarshe.

Ni ne mai shelar wani gari tsakanin Agiye da Gazawa. Shekarar da Nasara ya tafi aka ce mu zaɓi namu, muka zaɓi dattawa su zama majalisa, muka ɗora wani mai sayen gujiya a kansu, zan ce masa Ɗan Ladi. Ƙa'ida ita ce ba ya kama mutum, ba ya ƙara lanho, wato haraji, sai majalisa ta yarda, kuma in damina biyu ta wuce a sake zaɓe. Ni na buga ganga na faɗi wannan ƙa'ida a kasuwa. Babban majalisar kuwa Baba Nomau ne, uban matata Tsahara, mutumin da ya ba ni 'yarsa yana kau da kai, don a wurinsa maroƙi ba mutum ba ne.

Da wa'adi ya matso, Ɗan Ladi ya tafi Maraɗi ya dawo da gardi biyu, dogaran gwamnati. Ya kira ni buro, wato ofishinsa, na tarar an zaunar da Baba a ƙasa. Ɗan Ladi ya ce, "Ana cewa dattawan nan 'yan jam'iyyar da aka hana ne, suna shigo da bindigogi ta iyaka. Kai da kake shiga gidansa, ka taɓa ji?" Ba wanda ya daka mini tsawa, ba wanda ya nuna mini bulala. Na dubi tsohon nan, na tuna yadda yake amsa gaisuwata da ƙasan maƙoshi, na ce, "Ranka ya daɗe, na ji." Wallahi ban taɓa jin komai ba. Me ya shiga raina? Gardi ya ɗauke shi da mari, ni kuwa sanyi na ji a ƙirji. Wannan sanyin ne ba na iya faɗa wa kowa.

Ranar kasuwa na yi shela: majalisa ta mutu, zaɓe sai ƙasa ta lafa, magana ɗaya ce, ta Ɗan Ladi. Aka tuɓe wa dattawa rawani aka ɗaura a wutsiyar jakuna, aka sa su kwashe kashin shanu da hannu a turken dabbobi, ina biye da su da ganga ina kiran sunayensu. Baba aka ɗaure a rana har la'asar, wata mai fura ta miƙa masa ruwa, gardi ya shure ƙwaryar. Mutanen da suka zaɓe su suna tsaye, wasu har dariya. Tun ranar, in na ratsa gari maza ke tashi su gaishe ni. Na ji daɗi, kada in yi muku ƙarya.

Tsahara ta san na yi shela, ta ɗauka dole aka yi mini. Abin da ya faru cikin buro ne ba ta sani ba. Ta ɗauko uban ta kawo shi gidana tana jinya, hannunsa ɗaya ya shanye saboda igiya. In ta gama ba shi kunu sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ka tona asirin wanda ya yi wa Baba shaidar zur, ka hana shi ganin 'ya'yansa." Ta juyo ta ce, "Maigida, ba ka ce amin ba." In ce amin. Tsohon yana kallona, bai taɓa buɗe baki ba. Tausayin 'yarsa ne, ko so yake in riƙa dahuwa a hankali?

Yanzu Ɗan Ladi ya ce kasuwa mai zuwa in yi shelar an karɓe gonar Baba, kuma a raka shi bakin iyaka, kada ya sake taka garin. Na ce, "Ranka ya daɗe, surukina ne, ba ya ko iya tashi." Ya yi murmushi ya ce, "Da ka ce ka ji, ba surukinka ba ne? In ganga ta yi maka nauyi, sai in kira matarka buro ta ji wanda ya ji."

Na dawo na durƙusa gaban Baba, na faɗa masa, na roƙi gafara. Yana kallon rufin ɗaki ya ce, "Je ka yi aikinka. Amma ka ɗaga murya, kunnen nan ya mutu tun marin buro, ina so in ji da kyau."

In na yi shela na kashe shi a hanya. In na ƙi, ni za a ɗaure a rana, Tsahara kuma ta ji komai daga bakin Ɗan Ladi. In na riga shi faɗa mata, da wane ido zan dubi matar da na sha ce wa addu'arta amin? Jama'a, me zan yi?