Ƙararrawar Jirgin Baba

Talata, 2 ga Mayu, 2017

Yayata Loretta ta faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye. Shekara tamanin da uku, ita kaɗai a gidan Mama. Na yi magana har na gaji. Da na isa asibiti ko zancen ciwon ba ta yi ba. Abu biyu ne a bakinta: in je in kunna fitilar baranda, sannan wa zai buga ƙararrawa ran ashirin da tara ga wata.

Na ce mata ni ba maigadi ba ne. Fitilar dai na je na kunna, don kada ta hana masu jinya sakat.

Alhamis, 4 ga Mayu

An yi mata aikin tiyata. Likita ya ce kafin kaka ba za ta yi tafiya da kanta ba.

Wannan ƙararrawa. Duk shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tsofaffin sojojin ruwa su hau bayan jirgin nitson nan da gidan tarihi ya ɗaure a bakin kogi, a yi ta kiran sunayen jiragen da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Kowane suna, bugu ɗaya. In jirgin yana da dangi a garin, ɗan dangin ne zai buga, ya kuma amsa da bakinsa: "Har yanzu suna sintiri." Loretta ke buga na jirgin Baba tun ranar da aka jawo wannan gwangwani garinmu, shekara arba'in ke nan, ko da zazzaɓi ba ta taɓa fashi ba.

Sintiri. Mutum tamanin a ƙasan teku tun 1944, ina ɗan shekara biyu. Babu wanda ya ga gawa, saboda haka babu wanda ya ce sun mutu. Wannan kalmar ce ta cinye Mama. Ta ƙi aure, ta ƙi a kafa dutsen kabari, ta bar fitilar baranda a kunne tana jiran Baba har ta koma ga Ubangiji, Loretta ta gaje ta. Shekara talatin na yi ina koya wa 'yan kwaleji tarihi don su daina haɗiye irin wannan magana mai zaƙi. An rufe sashen tarihin, an mai da ofishina ɗakin ajiye kujeru.

Lahadi, 7 ga Mayu

Loretta ta sake tayar da zancen. Na ce Orville Haag ya buga mana, ai shi ma ya yi aikin jirgin nitso. Ta ce Orville ba ɗan Emil Pivonka ba ne, wato Baba. Ta ce ita ta san Baba, ni ban san shi ba, shi ya sa nake da baki.

Gaskiya ce. Ko muryarsa ban riƙe ba. Hoto ɗaya: mutum mai manyan kunnuwa da farar hula.

Juma'a, 12 ga Mayu

Na je cin soyayyen kifi a zauren coci, tsautsayi ya zaunar da ni kusa da Orville. Tare muka yi firamare, har yau lissafi bai zauna masa ba. Ya ce, "Farfesa, an ce kana tsoron tsani." Na ce ba tsani nake tsoro ba, tsofaffi masu wasan soja nake gudu. Ya yi dariya har kabeji ya sarƙe shi. Ya ce littafin nan nawa a kan yadda manya suka yi asarar yara a teku yana nan a shagon gidan tarihi, da shi suke tokare ƙofa in iska ta taso.

Wataƙila da gaske yake.

Da za mu rabu ya daina wasa. Ya ce in ban zo ba shi zai buga, ba damuwa, amma Loretta za ta sani. A waya za a jiyar da ita.

Laraba, 17 ga Mayu

Loretta ba ta ci abinci ba. Ta rame, hannun kamar tsinke. Masu jinya sun ce ta ƙi motsa ƙafar.

Asabar, 20 ga Mayu

Na ce mata zan buga. Bugu kawai. Maganar sintiri kuwa ba za ta fito daga bakina ba, ko za a yanka ni.

Ta ce to, amma da sharaɗi: kafin ranar in shiga cikin jirgin in tsaya a madafa, kamar yadda take yi. Baba ne mai gasa burodin jirginsu, kuma wannan da nasu ƙira ɗaya ce. Na ce kullum ina wuce abin nan a mota, na san fasalinsa a takarda fiye da masu gadinsa. Ta ce, "Benny, ba karatu na aike ka ba. Je ka tsaya."

Ita kaɗai ta rage a duniya mai ce mini Benny.

Ta sha rabin kofin miya a gabana. Cin hanci ne, na sani.

Alhamis, 25 ga Mayu

Na shiga.

Orville ya tare ni a bakin tsani, ya ce in sunkuya, ƙofofin ba su san mai digiri ba. Na buga goshi a ta farko, ya ce yanzu na zama ɗan gida. Gadaje uku uku a jere, a kan bama-baman ruwa, mutum ba zai iya juyi ba sai ya fito. Na san wannan duka. Na taɓa koyar da shi da alli.

Madafar ba ta kai banɗakin gidana ba. Tanda biyu, teburin murza ƙullu wanda bai fi faranti uku ba. A nan mutum ɗaya yake gasa wa mutum tamanin burodi alhali suna barci.

Ba wannan ne ya kama ni ba. Warin ne. Man dizal da tsohon fenti da gumi, da wani abu kamar ulu mai danshi. Orville ya ce sun wanke sun gaji, ya shige cikin ƙarfen.

Na san warin nan. Ina yaro, duk sanda zazzaɓi ya kwantar da ni, Mama takan ciro wata baƙar rigar sanyi daga ƙasan akwati ta lulluɓe ni da ita. Ba ta taɓa wanke ta ba. Ni duk zatona warin magani ne, ko warin ciwon kansa. Shekara saba'in da biyar ina gaya wa mutane ba ni da komai na Baba.

Na dafa teburin. Orville ya ce zai je ya duba wani famfo a baya. Babu famfon da ke aiki a jirgin nan.

Juma'a, 26 ga Mayu

Na tambayi Loretta zancen rigar. Ta ce ita Baba ya manta a kan kujera zuwansa na ƙarshe, ranar da ya gasa mana burodi mai zaƙi, ni kuma na yi masa fitsari a wuya. Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini. Ta ce, "Wa ya isa ya gaya maka wani abu?"

Litinin, 29 ga Mayu

Yayyafi. Kujerun roba, tutoci, tsofaffi cikin riguna masu bajoji waɗanda tumbi ya hana rufuwa. Matar Orville ta ɗaga waya sama don Loretta ta ji. Sunayen jiragen yawanci na kifaye ne, ana kira ana bugawa. Namu yana can wajen ƙarshe.

Aka kira. Na ja igiyar. Ban zaci ƙarar za ta shiga haƙori haka ba.

Sai shiru, ana jirana. Na ga Orville ya kafe takalminsa da ido. Ban faɗi maganar sintirin ba. Ba taurin kai ba ne wannan karon. Can sai tsofaffin nan suka amsa tare, ƙasa ƙasa, kamar masu tallafar wanda ya yi tuntuɓe. Aka kira suna na gaba. Babu wanda ya harare ni. Da sun harare ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 30 ga Mayu

"Ban ji muryarka ba," in ji ta.

Na ce wayar ce ba ta da kyau.

"Maƙaryaci. Amma ka buga da ƙarfi, na ji har nan." Ta dafa ƙirji. Yau ta yarda an tsayar da ita a kan sandar tafiya.

Juma'a, 9 ga Yuni

Ba za ta koma gida ba. Gidan kula da tsofaffi na kan tudu, ɗaki mai taga wajen kogi. Ta karɓi zancen fiye da yadda na karɓa. Ba ta ambaci fitila ba, ko sau ɗaya. Ina jin ta sallama.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na je gidan Mama ban ruwan furanni, na tarar ƙwan fitilar baranda ya mutu. Tsanin yana rawa. Na canza.

Saboda ɓarayi ne. Gidan da ba kowa bai kamata a bar shi cikin duhu ba.

Na sayo guda shida, su suka fi arha.