Tubalin da ke Kwandon Aaltje

3 ga Mayu

Zuwa ga Yayana Harm,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Joke da jikoki. Yaya gwiwar? Yaya sanyin Kanada, ya sake ku kuwa? Mu nan ruwa ne kullum, kogi har ya taɓa matakalar gada.

Ina nan ina zagayawa da baƙi su ga tsohuwar ganuwar garinmu kowace Asabar, shekara ta tara ke nan tun da na bar koyarwa. Ka san abin da ya rage mata bai fi taku ɗari biyu ba, da rabin hasumiya, amma ni ji nake kamar tsohuwar uwa aka bar mini in yi jinya.

To, Asabar ɗin da ta wuce na kama ɓarauniya. Ka tuna Aaltje, 'yar mai amalanken doki ta ƙarshen layinmu? Ina tafe da baƙi wajen ashirin, muka sha kwana, sai ga ta a gindin hasumiya, keke a jingine, ta rungumi tubali guda, irin manyan nan na mutanen da, masu girman burodi. Na ce, "Aaltje, shekara ɗari bakwai yana nan, sai yau ya tsone miki ido? Ko shi ma a tukunyar fure za ki sa shi?" Baƙi suka yi dariya, wani har da ɗaukar hoto. Ta dube ni ta ce, "Kin gama, Malama?" Ta ajiye shi, ta ja kekenta. Ran Lahadi na ba da labarin wajen shan kofi bayan coci, kuma ban rage komai ba.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Geertje

28 ga Mayu

Yaya Harm,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Wannan karon tambaya ce da ni, kuma ina so ka amsa da wuri.

Bangon kicin ya daɗe yana tsatsafo da danshi, sai na kira magini ya kankare filastar. Ina falo na ji gudumarsa ta yi shiru. Ya leƙo ya ce, "Malama, zo ki ga aikinki ya biyo ki gida." Harm, daga ƙasa har tagar, bangon nan duk irin tubalin ganuwa ne. Na ɗauko ma'aunin da nake nuna wa baƙi na gwada, ko kaɗan bai kuskure ba. Har tsohuwar farar ƙasar tana manne a jikinsu.

Na zauna a kujerar Mama ina kallon bangon. Baba ne ya gina kicin ɗin nan, ni ina goye. Kai kana da wayo lokacin. Daga ina ya samo su?

Wani abin kuma: sati uku Aaltje ba ta zo coci ba. Ta ja labulen tagarta, ita da tun muna yara ba a taɓa ganin labulen gidansu a rufe ba. An ce a kantin burodi wata ta tambaye ta ko yau ma da tubali a jaka. Maganata ce take yawo a bakin mutane.

Taka,
Geertje

20 ga Yuni

Yayana,

Wasiƙarka ta iso, na gode, kuma na ji daɗi da likita ya ce ba sai an yi aiki ba. Na karanta ta sau uku a tsaye.

Ashe bayan yaƙin duniya, da bam ya cinye ɓangaren baya na gidaje, duk layinmu daga ganuwa aka yi gini, da rana tsaka, ba wanda ya ce uffan. Ashe amalanken baban Aaltje ne ya yi wa Baba sawu shida. Kai ka sani, Mama ta sani, ita Aaltje ta sani. Ni kaɗai ce nake tsaye da lemar da nake ɗagawa a biyo ni, ina gaya wa baƙi cewa jahilai ne suka cinye ganuwar garinmu. Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini? Kada ma ka amsa, na san halina. Wa zai so ya gaya mini?

Jiya na je gidanta. Sau biyu ina wuce ƙofar kamar mai neman wani gida. Da ta buɗe, ba ta ce in shigo ba, ba ta kuma rufe ba, sai na bi ta. Ta zuba kofi, ta miƙo gwangwanin biskit, na ɗauki ɗaya, ta mayar da murfi. Na fara jawabin da na shirya, ta katse ni. "Zo ki gani."

A bayan gidanta akwai tsohon ɗakin dokin babanta, rabi a rushe, shi ma da tubalin ganuwa aka gina shi. Tun da mijinta ya rasu take ciro tubalin ɗaya ɗaya, ta goge da buroshi, ta ɗora a kwandon keke, ta kai gindin hasumiya inda masu gyaran ganuwa suke tarawa. Shekara biyu tana yi. Harm, ranar nan ba ɗauka take ba. Mayarwa take.

Na ce, "Don Allah me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "A gaban baƙi? In ce daga ina na samo shi? Sai in ambaci babana, in na ambaci babana kuwa sai na ambaci naki. Ke kuma da shi kike taƙama." Ni na tsaya ina ci mata fuska, ita tana rufa wa Baba asiri. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba, na rasa inda zan sa idona.

Na ce zan faɗa a coci, a wurin da na ɓata ta. Ta ce wannan dole ne, ba alfarma ba ce. Na ce kuma zan mayar da namu. Ta yi dariya har da tari. "Naki ai sai ki rushe kicin, ki koma dafa dankali a titi."

Don haka na hana magini mayar da filastar. Daga wannan Asabar, zagayen ganuwa a kicin ɗina zai ƙare, in nuna wa baƙi inda sauranta take, in faɗi sunan wanda ya kwaso. Ka yafe mini in hakan ya sosa maka rai. Aaltje ta ce za ta zo ta tsaya a baya, ta ji ko zan rage wani abu.

Tubalin da za ta mayar saura goma sha ɗaya. Ran Laraba ni zan tura keken, don hannunta ya fara rawa. Ta ce in zo da lemar tawa, ko ta yi amfani sau ɗaya.

Ka gaishe da Joke. Ka sa ni a addu'a ran Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya namu, lokacin zan faɗa a coci.

Ƙanwarka,
Geertje