Ban San Inda Idi Yake Ba, Kada Ku Tashe Mu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Dattawa na matsuguninmu da ke gefen Kuchigoro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Malam Umaru mai gadi, na layi na uku, wanda kwamitinku ya ba wa'adin mako guda: ko in kawo ɗana Idi, ko in kwashe iyalina in bar ɗakin. Sau biyu na zo ƙofarka aka ce ka fita, shi ya sa na rubuta a fili.

Na farko, ban musanta laifin ba. Ranar Litinin a bakin kasuwar Utako, samarinmu 'yan arewa maso gabas suka far wa 'yan baro na Zamfara da sanduna, a kan waɗanda za su sauke doyar mota ɗaya. Idi yana cikinsu. Shi ya bugi wani saurayi mai suna Sani, idonsa na hagu ya mutu. Na je asibiti a Gwagwalada na gan shi. Mahaifiyarsa ba ta zage ni ba. Cewa ta yi su ma gudu ne ya kawo su, kuma Sani ne kaɗai namijin da 'yan bindiga suka bar mata.

Na biyu, na sanar da kai tun kafin a kai nan. Idi yana da shekara tara muka baro ƙauyenmu na bayan Gwoza da ƙafa. A can ni malamin firamare ne, na koyar da 'ya'yan mutane, nawa kuwa a nan ya girma ba aji ba sana'a. Da ya samu baro, aka gaya masa babu mai ɗaukar kaya a ƙofar kasuwar sai yana cikin ƙungiya, kuma wanda bai fito ranar faɗa ba kada ya fito ranar aiki. Da damina ya dawo da rauni a goshi, na kuma tsinci wuƙa a ƙarƙashin tabarmarsa. Na same ka bayan La'asar na roƙe ka ka kira dattawan Zamfarawa a zauna. Ka ce yara ne, za su daina. Na sake komawa, ka ce a bari sai bayan Sallah. Na yi wa Idi faɗa, na yi masa nasiha, har kuka na yi a gabansa. Ya sunkuyar da kai, gari ya waye ya ɗauki baronsa, don da shi muke cin tuwo.

Na uku, wallahi ban san inda yake ba. Wayarsa a kashe take. Na zaga tashoshin Utako ina tambayar direbobi, babu wanda ya ce ya gan shi. Da na sani, da hannuna zan kai shi wurin 'yan sanda, domin abokan Sani ma nemansa suke yi, kuma ba don su kai shi kotu ba.

Ga abin da nake roƙo. Ku janye wa'adin nan. Matata tana fama da hawan jini, 'ya'yana mata biyu suna makaranta, ba su taɓa ɗaga wa kowa sanda ba. Ku kira zaman da na roƙa tun damina, zan zo in durƙusa gaban mahaifiyar Sani a idon kowa. Ku kuma taya ni cigiyar ɗana kafin wasu su riga mu.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya dafa maka a kan wannan nauyi, Ya ba Sani sauƙi. Idan kun ƙi, ba ni da ƙarfin ja da ku, za mu fita ranar Juma'a. Abu ɗaya ne: in Idi ya dawo ya tarar da wasu a ɗakin, ban san wanda zai gaya masa inda muka nufa ba, don ni ma ban sani ba.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Umaru