Numfashi Ɗaya Kafin Amsa Waya

Daren Laraba, ana tsaka da Kofin Duniya

Tun asuba nake tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, a nan Qatar, ina nuna wa 'yan kallo hanya, har muryata ta dushe. Matata Hauwa ta kira daga gida don in ji ɗanmu ya fara cewa "Baba", na ce, "Khalas, ya isa, aiki nake," na kashe.

Abokin ɗakina, ɗan Sri Lanka mai bin addinin Buddha, ya sha ce mini, "Kafin ka amsa wa kowa, ja numfashi ɗaya, ka san ka ja." Dariya nake masa.

Yanzu na gwada. Ko daƙiƙa biyar bai kai ba. Ashe ɗan wannan lokacin na hana yaron.

Na kira, Hauwa ta ce ya yi barci.