Kyamara Biyu a Shagon Hambali

Asabar, 18 ga Satumba, 2010

Hambali mai hoto ya dawo daga Kano da kyamara biyu, duk na hannu, ya aika tasha a kira ni. Na bar layina na tafi shagonsa har ina tuntuɓe. Shekara ashirin da biyu ina tuƙin haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, abin da idona ya gani a hanyar nan ba ya lissafuwa, amma ko ɗaya ba ni da shi a takarda. Tun ina makarantar horon malamai nake son hoto. Malamin ban zama ba, mai hoton ban zama ba, na ƙare a sitiyari. Yanzu da furfura ta fara leƙowa na ce bari dai in yi wa raina abu ɗaya.

Ɗaya babba ce, baƙa, mai nauyi, bakinta ana kwance shi a ɗaura wani, sai ka kafa ido a wata 'yar taga ka leƙa. Ɗayar ba ta fi sabulun wanka ba, tana da allo a baya, kana kallo kana ɗauka, ka gama ka jefa aljihu. Hambali ya ce babbar tana kamo tsuntsu a kan tsamiya daga bakin titi, ƙaramar kuwa ta 'yan biki ce. Ya san inda zai taɓa ni. Ƙarfina na ɗaya ne, don haka ya ce in gwada kowacce na mako guda kafin in zaɓa.

Na gaya wa matata Zuwaira. Ta ce, “Kai da ko hoton aurenmu ban san inda ka kai shi ba.” Raina babbar yake so.

Litinin, 20 ga Satumba

Na je ɗaukar babbar. Hambali ya rataya mini ita a wuya ya ce, “Rufe na hagu, kafa na dama a tagar.” Na rufe, na kafa. Ban ga komai ba sai dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa, da wani ɗan haske ƙanƙane a tsakiya. Na yi dariya na ce Kanawa sun cuce shi, sun ba shi matacciya. Ya karɓa ya leƙa ya ce lafiyarta lau. Ya goge, ya miƙo. Haka dai.

Ban san abin da ya sa na mayar da ita idon hagu ba. Sai ga mai shayin tsallaken titi ɓaro-ɓaro, har ƙudan da ke kan burodinsa.

Na ce, “Yawwa, yanzu ta gyaru.” Hambali ya dube ni. Na cire ta daga wuyana na ce nauyinta ya yi yawa, bari in fara da ƙaramar.

Talata, 21 ga Satumba

Na gwada a bayan gida da tafin hannuna, ina rufe ido ɗaya bayan ɗaya, sau uku. Ba kyamarar ba ce.

Juma'a, 24 ga Satumba

Ƙaramar tana da daɗin sha'ani. Da ido biyu ake kallonta, ba ta tambayar mutum komai. Na ɗauki masu cirar gyaɗa, na ɗauki wani Bafulatani yana gyara taya da rawaninsa, na ɗauki 'yan tasha, kowa ya ƙame kamar za a yi masa katin zaɓe. Amma abin nesa ba ta kamo shi. Shamuwa a gona ta fito kamar ɗigon tawada.

Ni kuwa tunani ya ƙi barina. Madubin dama sau biyu ina karya shi a bana, na ce masu babur ne. Akuyar nan da na buge a Sundimina da azumi, na rantse wa fasinja daga ƙasa ta tsiro. Ginshiƙin ƙofar gareji da na goga, na zagi maginin da ya mutu tun da daɗewa. Duk ta dama.

Ba ya ciwo. Da yana ciwo ai da na sani.

Laraba, 29 ga Satumba

Hajiya Batulu mai sarin manja ta bar motoci uku sun tashi tana zaune kan jarkarta. 'Yan kamasho suna ta lallashi, ta ce, “Ni motar Malam Mika'ilu nake jira. Shi ba ya kai mutum lahira da sauran kwanansa.” Aka yi dariya. A da irin wannan maganar ta ishe ni cin abinci. Sunana kenan a tasha, direban da bai taɓa kwantar da mota ba, bai taɓa zubar da jinin kowa ba. Ba ni da gida mai bene, ba ni da aikin Hajji, wannan sunan shi ne abin da na tara.

Yau kuwa ban iya dariyar ba.

Wani abu kuma. Na lura Zuwaira ta hagu take ajiye mini kwano, ta hagu take miƙo ruwa, ta hagu take zama. Tun yaushe? Ban tambaya ba.

Lahadi, 3 ga Oktoba

Na ce wa Hambali na zaɓi ƙaramar. Ya ce ai ban gwada babbar ba. Na ce direba ina ya ga hannun riƙe wannan tulun. Ya yi ta goge wani gilashi da bakin rigarsa, can ya ce, “Mika'ilu, ni da kai ba yau ba. Ka je a duba maka idon nan.”

Na ce masa shi mai hoto ne ko likita? Na ce ya ci gaba da ɗaukar amare ya bar ni da hanyata. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Abokina tun muna firamare.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Na buge mutum.

Da hantsi, saura kaɗan mu shiga Gwaram. Dattijo ne a kan keke, da damin harawa a baya, yana gefen titi ta dama. Ban gan shi ba. Ba wai na gan shi a makare ba, ban gan shi ba sam. Ƙara kawai na ji, da salatin mata. Da na fito yana kwance cikin ciyawa, hularsa can, hannunsa ya juya inda hannu ba ya juyawa.

Allah Ya sa ba gudu nake ba. Sunansa Baba Salihu, mutumin Dingaya. Ya ƙi asibiti, ya ce a kai shi wajen mai ɗorin garinsu, na kai shi.

Fasinja suka yi ta ba ni baki. Wani ya ce tsohon ne ya karkato titi, wani ya ce harawar ce ta rinjaye shi. “Malam Mika'ilu ai ba ya ganganci.” Kafin mu koma tasha labarin ya zauna a haka. Na yi shiru na bar shi ya zauna. Wannan shirun ya fi bugun damuna.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Na koma Dingaya bayan masallaci. An ɗaure hannun da karare da tsumma, yana zaune a zaure. Gyaɗarsa tana ƙasa ba a cire ba, kuma hannun dama ne. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “Ɗana, na ɗaga maka hannu tun daga nesa. Fuskarka tana wajena, na ɗauka ka gan ni.” Sannan ya ce Allah ne Ya kawo, ya yafe, har ya sa aka kawo mini fura. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Kyamarar tana aljihuna, ko taɓa ta ban yi ba.

Talata, 12 ga Oktoba

Da la'asar ina zaune a tsakar gida, sai na ji muryar Zuwaira dab da kunnena na dama. Na zabura. Ta ce ta daɗe a tsaye a wurin da kofin ruwa a hannu, tana jira ta ga ko zan juyo.

Na ce tun yaushe ta sani. Ta ce tun bara, ranar sunan jikarmu, da na taka tiren shinkafa a gaban mutane. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, “Baban Nasiha, in faɗa wa wa? Mutumin da ya ce ginshiƙi ne ya matso?”

Na so in yi faɗa, babu abin kamawa. Sai ta faɗi wadda ta karya ni. Ta ce shekara guda kenan ba ta iya cin abincin rana, sai ta ji ƙarar motata a ƙofar gida da yamma tukuna abinci yake wuce mata. Ni ina ganin ramar tata na ɗauka shekaru ne.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Asibitin ido a Kano. A motar wani na je, a kujerar baya, kamar ɓarawo. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, ba ya ciwo, a hankali yake ci daga gefe. Na dama ya tafi, ba ya dawowa. Na hagu ya fara taɓuwa amma za a iya riƙe shi da maganin ɗigawa, safe da yamma, har ƙarshen rai.

Ya tambayi sana'ata. Na ce manomi. Ya ce, “To da sauƙi, Baba. Da direba ne da yau na ce ka ajiye makulli.”

Na yi masa godiya.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Na fita aiki jiya da shekaranjiya. Ina tafiya kamar mai rakiyar gawa, ina ta juya wuya dama har ya sage. Samari suna tsaki a baya. Hajiya Batulu ta zauna gaba, kafin mu bar gari ta yi barci, bakinta a buɗe, hankalinta kwance. Ta ba ni ranta ta yi barci. Tafin hannuna har zamewa yake a sitiyari.

In na ajiye, ni wane ne a garin nan?

Laraba, 20 ga Oktoba

Na mayar wa Hambali ƙaramar. Na ce ya riƙe kayansa, na fasa hoton gaba ɗaya, mai ido ɗaya ina shi ina kyamara. Haka na faɗa, da bakina, karo na farko. Bai ce ai na gaya maka ba. Bai tayar da maganar ran nan ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko babbar ya rataya mini.

Ya ce, “Wannan ido ɗaya take so. Mu duk rufe ɗayan muke yi, shekara talatin ina matse fuska kamar mai cin tsamiya. Kai an hutar da kai.”

Na ce masa Allah Ya shirye shi. Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, sai ya fita wai zai sayo goro.

Da idon hagu hancina yana danne bayanta, yana barin maiƙo. Ya ce in riƙa yawo da ƙyalle.

Juma'a, 22 ga Oktoba

Dingaya. Na tafi da mutum biyu suka cire wa Baba Salihu gyaɗarsa. Na gaya masa gaskiya a gaban waɗanda ke zauren, cewa shi bai karkato ba, ni ne ba na gani ta nan. Ya kalli hannunsa, sannan ya ce, “To ɗana, ni da hannu na tsira. Na gaba fa?”

Ya yarda na ɗauke shi hoto, amma sai da aka ɗauko masa hular Juma'a. Ta 'yar tagar nan na ga kowane layi na fuskarsa. A titi da rana tsaka ban ga mutumin gaba ɗayansa ba.

Gobe labarin zai isa tasha. Shi kenan sunan.

Litinin, 25 ga Oktoba

Ɗanbala, ƙanin Zuwaira, shi ya ja motar yau. Ya daɗe ba shi da mota a hannu, taimakonsa na yi. Na mako ɗaya ne, haka na gaya wa kowa, kafin wuyana ya saki.

A tasha babu wanda ya ce mini komai, gaisuwa ce dai ta yi tsawo. Hajiya Batulu ta leƙa ta ga wanda ke sitiyari, ta dube ni, ta ce in dai ina ciki za ta shiga. Na zauna gaba da babbar a cinya. Ɗanbala yana taka burki kamar yana jin haushinsa, na yi ta taka nawa a inda babu. Wajen wata fadama na ce ya tsaya, fasinja suna gunaguni, na kamo shamuwa tana ɗaga ƙafa. Ta fito har ƙwayar idonta. Babbar zan saya, na gaya wa Hambali.

Da yamma Ɗanbala ya miƙo makulli. Na ce ya riƙe, hannuna da kaya. Ɗayan makullin da ke ƙarƙashin katifa ma na aika masa, kada nasa ya ɓata a hanya, ba don komai ba.

Na shiga gida na tarar da kwanon Zuwaira a wanke, a kife. Ta ci abincinta tun azahar. Ta ɗiga mini maganin, ta zauna ta hagu. Na ɗaga kyamarar, ta ce in bari ta sauya ɗankwali. Ban bari ba.