Ɗaya da Ɗigo Biyar

Karaye, 15 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga ƙanwata Turai, Rogo Sabon Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an yi Sallah lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafi? Allah Ya kawo mana damina mai albarka.

Sulle direba ya isar mini da saƙonki, cewa yarinyar wajenki tana fama da kwamfutar da take haɗa bidiyon bukukuwa da ita, wadda mijinta Muntaka ya sayar da bijiminsa ya saya mata. Wai biki ɗaya sai ya cinye mata yini guda, ga bukukuwan bayan Sallah sun taru. Shekarata ashirin da biyu ina gyaran rediyo da talabijin, ban taɓa buɗe kwamfuta irin tata ba, amma ina da ƙasida a kan wannan magana, kuma na karanta ta sau uku kafin na ɗauki biro.

A cikin kwamfuta akwai ɗan faranti da ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. Ana iya umartarsa ya yi gudu fiye da yadda kamfani ya tsara masa, amma sai an ƙara masa ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt. Ƙasidar ta ce iyakar da ba ta da haɗari ita ce 1.5, wato ɗaya da ɗigo biyar. A hau a hankali, kaɗan-kaɗan, kuma kada zafinsa ya wuce digiri tamanin da biyar. Na ƙi faɗa a waya ne domin lamba mai ɗigo ba abin amincewa kunne ba ce.

Ki miƙa mata takardar nan. Ba sai kin ce daga wa take ba.

Wassalam. Yayanki,
Abdulmutalib

Rogo Sabon Gari, 22 ga Afrilu

Yaya, salamu alaikum. Muna lafiya, sai dai zafi zai narkar da mu.

Wai kada in ce daga wa take! To wa ke rubutu a danginmu kamar mai jera kwanuka, in ba kai ba? 'Yarka ce, Yaya, kai ka haife ta, ni riƙo na yi. Na san kunyar 'yar fari, ni ma a gidan na tashi, amma shekara ashirin da shida ba ka taɓa kiran sunanta ba, ba ka taɓa tsayawa ka yi mata magana ba, har ta zama matar aure.

Ta karanta takardar sau biyu, sannan ta ce, "Gwaggo, shi da hannunsa ya rubuta?" Na ce da hannun wa kuwa. Ta manna ta a bango sama da kwamfutar.

Abin ya yi aiki. Bikin da ke cin yini yanzu kafin la'asar ta gama shi. Fankar ciki kuwa kuka take kamar injin markaɗe, har Muntaka yana tsokanarta wai ya kawo tattasai ne? Ta karɓi aikin biki uku, har da wani babban biki a garin Yammedi. Jiya dai ina zaune allon ya koma shuɗi, komai ya tsaya, ta kashe ta kunna. Ta ce ba komai. Na kwafo maka sunan injin daga jikin kwalinsa a bayan takardar nan, ko za ka so ka adana, tunda kai komai adanawa kake.

Taka,
Turai

Karaye, 24 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Turai.

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba. Na faɗa miki a waya ɗazu, ina maimaitawa a rubuce domin kada wani abu ya faɗi a hanya.

Maganar shuɗin allon nan ce ta tayar mini da hankali. Na koma ga ƙasidar. Bangonta ya daɗe da yagewa, shi ya sa ban taɓa lura da shekarar da aka buga ta ba. A ƙasan shafin ƙarshe na same ta da ƙananan haruffa: 2009. Na ɗauki sunan da kika kwafo na tafi wurin Malam Nuruddeen, abokin karatuna da ke koyar da kwamfuta a sakandare. Da ya ga lambar da na bayar, sai ya cire tabarau ya tambaye ni kwana nawa ke nan. Na ce tara. 

Ga bayaninsa. Furosesa na da, hanyoyin wutar cikinsa masu kauri ne, suna ɗaukar 1.5. Na yanzu, irin nata, hanyoyinsa sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba. A aikin kullum bai kamata a wuce 1.3 ba, wanda ya kai 1.35 ya riga ya taka bakin rami. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba hayaƙi zai yi ba, ba ƙauri, ba wata alama da za ta sa mutum ya zare waya. Wutar tana cinsa a ciki kaɗan-kaɗan yana ta gudu, mai shi yana murna, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ga zafin bazara a kai. Shuɗin allon nan alama ce cewa an fara.

Turai, ni na ba da lambar. Da hannuna. Duk sa'ar da take aiki da ita, sana'arta ce ke ƙonewa, da bijimin bawan Allahn nan. Tun jiya na kasa cin abinci, har na ƙona rediyon mutane da ƙarfen lanƙaya.

Ki ce mata ta mayar da komai yadda kamfani ya tsara, yau, kafin ta sake taɓa wani aiki. Don Allah ki tsaya a kanta har ta yi.

Yayanki,
Abdulmutalib

Rogo Sabon Gari, 25 ga Afrilu

Yaya, salamu alaikum.

Na faɗa mata tun da ka kira, na kuma karanta mata takardarka daga farko har ƙarshe. Ta ƙi.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce zan gaya wa mijinta. Ta ce in gaya masa. Na ce kwamfutar ce za ta mutu, ba ta ji ba? Sai ta dubi takardar da ke bango ta ce, "Wanda ya rubuta a hau, shi zai rubuta mini a sauka. Kuma ni ba yarinyar wajen kowa ba ce, Gwaggo, ina da suna."

Jiya sau uku kwamfutar ta ɗauke. Yau tun safe sau biyu, na biyun sai da ta jira kafin ta yarda ta kunnu. In na taɓa bayanta kamar murfin tukunya. Muntaka bai san komai ba tukuna. Ga bikin Yammedi tana tsakiyarsa.

Taurin kan nan ba a wurina ta samo shi ba. Sulle zai juyo da azahar, na ce ya tsaya a ƙofar shagonka har ka ba shi amsa.

Turai

Karaye, 25 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata, Halima Sadiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki.

Lambar da na ba ki kuskure ce. Daga tsohuwar ƙasida na ɗauko ta, ban bincika shekararta ba, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Ina roƙonki ki kashe kwamfutar da zarar takardar nan ta shiga hannunki. Ki bar ta ta huce, sannan ki mayar da gudunta da wutarta yadda suka zo daga kamfani. Kada ki sake wuce 1.3 ko da wa ya ce miki, ko da ni ne.

Ina jin tsoron kada in zama sanadin rasa abin da kike ci da shi. Idan Muntaka zai yi fushi, ki turo shi wurina.

Ki yafe mini, Sadiya. Ban san ta ina ake fara yi miki magana ba.

Mahaifinki,
Abdulmutalib

Rogo Sabon Gari, 28 ga Afrilu

Baba, wa alaikumus salam. Na same ku lafiya? Ya aiki?

Na kashe ta tun Sulle bai bar ƙofar gida ba. Na mayar da ita yadda kamfani ya tsara, amma ta ƙi tsayawa a nan, sai da na rage mata gudu ƙasa da yadda aka sayo ta. Bikin Yammedi kwana biyu ya ci, amma ya fito. Na gaya wa Muntaka da bakina. Har yau bai tsokane ni ba.

Baba, na san 1.5 ta yi yawa tun ranar farko. Sana'ata ce. Ban so takardarku ta farko ta zama wadda na ƙi bi ba.

Ban sani ba ko za ta kai damina. Duk yadda ta yi, ku zan rubuto wa, ba Gwaggo ba.

'Yarku,
Halima Sadiya