Saura Mutum Ɗaya

Füssen, 4 ga Oktoba

Yaya Kreszenz,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da shanunku. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, tsoro nake ji. Ciwon mantuwar maigidana Korbinian sai gaba yake yi. Likita ya ce tsohon wuri kan farfaɗo da tunani, shi ya sa shekaranjiya na kai shi fadar kan dutse, inda ya shekara talatin da takwas yana zagayawa da baƙi. Mutumin da ke ajiye takalmi a firji, muna shiga ɗakin barcin sarki sai ya katse yarinyar da ke yi mana jagora. "Matsa, 'yar nan, ba haka ake faɗa ba!" Ya zubo tarihi tiryan-tiryan: yadda sarkin ya gina fadar don ya ɓuya wa mutane, yadda na kusa da shi suka rubuta takarda cewa ya haukace, aka zo har nan aka tafi da shi, washegari aka tsinci gawarsa a tafki. Baƙi har da tafi. Shi kuwa ya kafe ni da ido ya ce, "Da ɗan gari akan ci gari."

Takardar gidan kula da tsofaffi tana cikin jakata a lokacin, ɗanmu Alois ya matsa lallai in sa hannu. Anya bai sani ba, Yaya?

Ƙanwarki,
Walburga

Füssen, 11 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa.

Jiya da hantsi ina shanya, na waiwaya babu shi, babu tsohuwar rigarsa ta aiki. Nan take na san fada ya nufa. Na hau keken doki zuwa saman dutsen ina ta addu'a. Can na same shi a tsakiyar gadar ƙarfen nan ta bayan fada, wadda ko leƙa ƙasanta ba na iyawa, iska na kaɗa shi, yana taɓa kafaɗun masu wucewa yana ƙirgawa. Kin san ƙa'idarsu, jagora ba ya barin wuri sai mutanensa sun cika.

Na ce, "Korbinian, zo mu tafi gida."

Ya ce, "Haba baiwar Allah, ai saura ɗaya! Matata ce, wata 'yar gajera mai faɗan tsiya. Ko ta zame ne?" Sai ya ɗora ƙafa a kan ƙarfen zai leƙa kwazazzabon.

Na damƙe rigarsa, na rantse masa na ga matar ta sauka, tana gida ta ɗora miya. Sannan ya biyo ni, yana ta yi mini godiya.

Na sa hannu, Yaya. Ran Litinin ma'aikatan gidan tsofaffin za su zo ɗaukarsa. Gaskiyarsa ce, da ɗan gari akan ci gari. Abin da ke cin raina, can ma sai ya ƙirga, kuma wannan karon da gaske saura ɗaya. Don Allah ki zo kafin ranar, ba zan iya haɗa kayansa ni kaɗai ba.

Ƙanwarki,
Walburga